Ja-Numfashi da Tiyon Yayata

Ni ba mai yabon mutane ba ce, duk wanda ya yi aiki da ni a asibiti zai shaida. Shekara ashirin da shida ina aikin jinya, bakina ya kori ɗalibai fiye da yadda jarrabawa ta kora. Amma akwai mutum ɗaya da in aka ambace shi nake gyara zama, wato mai ɗaukar hoton ƙirji da muke kira Ja-Numfashi.

Sunan daga bakinsa ya fito. Tun safe har a tashi aiki, abin da za ka ji daga ɗakinsa ke nan: "Ja numfashi. Riƙe. Sake." Har matarsa in ta aiko da saƙo cewa take a kai wa Ja-Numfashi.

Bai yi karatun likita ba. Da shara ya shiga asibitin, daga baya aka tura shi ɗakin duhu yana wanke fim, har ruwan maganin ya rine masa farce. Sai da ya haifi 'ya'ya mata uku sannan ya samu ya tafi kwas, ya dawo da takarda. Rigar dalmar da yake sawa don kare jikinsa daga hasken na'ura ta karkatar masa da kafaɗa ɗaya. Ga shi da nawa kamar me. Wallahi mutumin nan sai ya ɓata minti goma yana gyara wa tsoho haɓa, layi ya kai bakin baranda, ni kuma ina tsaye a ƙofa ina cika ina batsewa.

Aikina da nasa sun haɗu ne a kan wani siririn tiyo. Majinyacin da za a daɗe ana ɗura wa magani mai ƙarfi, ba a bi da shi ta ƙananan jijiyoyin hannu, don ƙone su yake yi. Sai mu huda a damtse, mu zura tiyon ya bi jijiya ya haura kafaɗa, ya gangaro cikin ƙirji, har ya isa inda babbar jijiyar sama, mai kwaso jinin kai da hannuwa, take shiga zuciya. Nan ake so bakinsa ya tsaya. In bai kai ba, maganin ya ci jikin jijiyar. In ya zarce, ya dinga tsikarar zuciya daga ciki har bugunta ya rikice, kuma hakan na iya kashe mutum.

Ido ba ya ganin wurin sai a hoto, a hoton ma ba rubuta shi aka yi ba. Ja-Numfashi yakan ɗora fim a kan akwatin fitila, ya nemo inda bututun iska ya rabu biyu, ya sauko da babban yatsansa gaɓa biyu na ƙashin baya, sai ya ɗiga jan fensir.

"Bakin ƙofa ke nan," in ji shi. "Baƙo ya tsaya nan ya yi sallama, kada ya kutsa wa matar gida ɗaki."

Ya taɓa ba ni labari cewa wani tsohon likita ne ya shigar da shi ɗakin da ake koya wa ɗalibai da gawa, sau ɗaya tak. Ya nuna masa jijiyar, kaurinta kamar babban yatsa, ya kuma nuna masa cewa daf da mashigar ne ɗan wurin da ke tayar da bugun zuciya yake. Tun daga ranar wurin bai fita daga ransa ba.

Shekarar da aka gano Yayata tana da ciwon daji, na rantse babu mai sa mata tiyon nan sai ni. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta bar makaranta don ni in yi. Na auna da tef daga damtse zuwa ƙirji, na zura, bugu ɗaya ya shige. Muka tura ta ɗakin hoto, hannun yana miƙe gefe a kan matashi yadda na bar shi, tana ɗan cije leɓe. Ja-Numfashi ya matso zai sauke mata shi jikin haƙarƙari, na daka masa tsawa.

"Malam, bar mata hannu haka, ba ka ga ciwo yake mata ba? Ka ɗauka kawai, ba hoton biki aka kawo maka ba."

Ya dube ni, ya buɗe baki, ya rufe. Ya danna maɓallin na'ura. Da fim ya fito, bakin tiyon yana daidai kan jan ɗigonsa. Likita ya sa hannu, aka fara magani, ni kuwa sai hura hanci nake.

Washegari Yaya ta fara cewa ƙirjinta na yi mata fat-fat. In na zo, na miƙar da hannunta na ɗaura abin awon jini, sai in ga komai lafiya lau.

"Tsoro ne, Yaya," na ce. "Ke da ko allura aka nuna miki sai kin rufe ido."

Rana ta uku ta miƙe za ta shiga banɗaki, jiri ya kwashe ta, Allah ya sa akwai bango. Na ce rashin cin abinci ne. Allah ya yafe mini, har faɗa na yi mata.

Da hantsin rana ta huɗu na shigo ɗakinta na tarar da Ja-Numfashi zaune a kujerar 'yan dubiya, ƙaramar na'urarsa mai taya tana gefe. Ashe da ƙafarsa ya je ya roƙi likita ya rubuta masa takardar sake hoto. Ya sunkuya yana tambayarta a hankali.

"Uwar ɗakina, yaushe ya fi yi miki?"

"In na naɗe hannu na kwanta ta gefen nan," in ji Yaya. "Sai in ji kamar zuciyar za ta fito ta baki."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wa ya aiko ka? Ba kai ka ɗauki hoton da hannunka ba?"

"Ni ne, Sista. Kwana uku ke nan yana damuna. Mutum ba ya zama da hannu a miƙe kamar mai shanya. In hannu ya sauko jiki, tiyon yakan ƙara nutsawa ciki. Ki bar ni in ɗauke ta yadda take kwanciya."

"Yau ni za ka koya wa aikina? A kan 'yar'uwata?"

"A'a," ya ce, yana warware waya. "Nawa aikin ne ban gama ba."

Ya gyara ta a natse, hannu manne da haƙarƙari, ya ɗauka. Na bi shi har akwatin fitila, na riƙe ƙugu, na shirya maganar da zan yaɓa masa. Ya nemo mararrabar bututun iska, ya sauko gaɓa biyu, ya ɗiga jan fensir. Farin zaren tiyon ya wuce ɗigon da faɗin yatsa biyu, yana cikin zuciya tsundum.

Na koma da gudu, na kama tsintsiyar hannun Yaya ba tare da na miƙar da shi ba. Bugu biyu, shiru, sai uku a jere kamar ana korarsu. Kwana uku abin nan yana tsikararta, ni ina ce mata matsoraciya.

Aka kira likita. Ni na ɗan janyo tiyon baya da hannuna, aka sake hoto ya fito a bakin ƙofa. Kafin a sauya ledar ƙarin ruwa bugun ya daidaita. Likita ya juyo a fusace ya tambayi yadda aka yi hoton farko ya yaudare mu.

"Hannu a miƙe na ɗauka, ban gyara ba," in ji Ja-Numfashi.

Bai ambaci tsawar da na yi masa ba. Ni mai bakin nan ina tsaye, na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai. Kafin a tashi aiki an buga masa takardar gargaɗi, ta farko a shekara talatin da ɗaya da ya yi yana aiki.

Na same shi a ɗakinsa yana rataye rigar dalma. Kunya ta sa na fara da faɗa, halina ke nan.

"Me ya hana ka faɗa ni ce na hana ka gyarawa? Ko so kake in zama abin tausayi?"

Ya zauna, ya shafa kafaɗarsa. "Sista, ke tsawa kika yi, amma yatsana ne ya danna. Na san daidai a ranar, tsoron bakinki ya sa na yi shiru. Wannan laifin nawa ne, ki bar mini abina. Naki yana can kan gado, ki je ki ɗauka."

Na je. Yaya na jingine da bango, fuskarta ta washe. Na durƙusa a bakin gadon, na gaya mata komai, tun daga tsawar har zuwa yatsa biyun nan, ina kuka kamar ba uwar 'ya'ya huɗu ba.

Ta bar ni na gama, sannan ta ɗora hannu a kaina.

"Ai na sani, auta. Ni na raine ki, ban taɓa gaya miki abu kin ji a karon farko ba. Tashi ki gyara mini matashi, kwana uku ke nan ina so in kwanta ta gefen nan."