Alhaji Armaya'u, Dillalin da Ba Ya Ɓoye Aibi

Da hantsi yake isowa bakin tashar Batsari, ya jingine kekensa, ya bi direbobi da masu shayi da gaisuwa har sai ya ji lafiyar gidan kowa. Sannan ya nufi layin motocin hannu da ake kawo masa. Kafin ya yarda ya yi dillancin mota, sai ya tayar da ita, ya kasa kunne ga inji, ya zagaya gari da ita. Idan mai saye ya zo, da aibin motar yake fara yi masa bayani, kyawunta ya biyo baya. Kuma sharaɗinsa ɗaya ne, a gaban shaidu yake faɗinsa: in wani ciwo da aka ɓoye ya fito, mota ta dawo, ciniki ya warware. Masu mota da dama sun yi fushi sun tafi wajen wasu dillalan. Bai taɓa bin kowa da roƙo ba.

Haka Alhaji Armaya'u ya yi ta yi tun ina ɗan makaranta, ga shi yau ni ma na yi furfura a aikin koyarwa. Bana ido ya hana shi, ya ajiye sana'a. Labaransa suna da yawa, amma ɗaya zan bayar, domin a gabana aka ƙarasa shi.

Nana Hadiza mutuniyar Karare ce. Da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, sai ta sayar da shanun gado ta sayi akori-kura, don ƙaninta ya riƙa yi wa manoma jigila. Lokacin Alhaji yana asibiti a Katsina ana duba masa ido, don haka babban ɗansa Nazifi ne ya sayar mata da wata mota tasa ta kansa. A lodin farko, ɗauke da gyaɗa, motar ta mutu a hanyar Safana. Makanike ya buɗe ya tarar injin a tsage yake, an liƙe da gam an shafe da fenti.

Nazifi ya ce, "Ta gani da idonta ta saya. Motar hannu ba ta da garanti."

Ta kai ƙara, amma ba ta da mai shaidar cewa tsagar ta riga cinikin. Ranar zaman ina kotun kan wata maganar fili, sai ga Alhaji ya shigo da sanda, ido ɗaya a rufe da bandeji. Ba wanda ya kira shi.

"Allah ya gafarta malam, ina da shaida," in ji shi. "Na ga tsagar nan tun kafin in tafi asibiti. Na ce masa kada ya sayar sai ya faɗa."

Nazifi ya ɗago kai. "Baba, ni ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata."

Alƙali ya bayyana cewa a shari'a da dokar ƙasa, wanda aka ɓoye wa aibi yana da haƙƙin mayar da kaya, ko sabo ne ko na hannu. Ya warware cinikin. Nazifi ya riga ya zuba kuɗin a wata harka, don haka Alhaji ya sayar da gonarsa ta bakin rafi, wadda ya gada, ya sallami matar. Ta durƙusa a ƙofar gidansa tana kuka, tana cewa, "Baba Alhaji, ban so abin ya kai haka ba." Ya ce mata, "Tashi, 'yata. Na marayu ne, ba nawa ba."

Nazifi ya koma Katsina, ya daɗe bai taka gidan ba. Uwarsa ta ce a wannan tsakanin Alhaji ya rame, amma ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba. Sai da aka yi wa Nazifi haihuwa ya dawo da kansa, ya roƙi uban ya raɗa wa yaron suna.

Alhaji, kai ne ka sa manomin ƙauyen Zakka da bai taɓa buɗe bonet ba yake shiga cinikin mota da kwanciyar rai. Kai ne garantin talaka. Ba ka yi karatun lauya ba, ba ka riƙe ofis ba, amma abin da doka ta yi wa mai saye alkawari, kai ka cika shi da gonarka.

Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idon nan, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma matasan da kuka gaji bakin tasha, gobe wani zai zo muku da abin da ya tara duk rayuwarsa, bai san komai a kan inji ba, ya ce, "Motar nan lafiya take?" Ku gaya masa gaskiya.