Wa Zai Haye da Kutemba, Goggo?

Ranar Talata, 11 ga Maris, aka bugo mini waya daga garinmu Chinyingi cewa Allah ya yi miki rasuwa, Goggo Nyamahongo. Tun daga ranar na kasa zaune na kasa tsaye.

Duk yaron gidanmu da ya yi famfara, ke kike haye tsohuwar gadar waya ta Kogin Zambezi da shi. Dokarki ba ta sauyawa: a cire takalmi, kada a jera taku don gadar kan yi lilo, kuma ba goyo. Ni ma haka kika ja ni, ina kuka kina dariya. Har na girma ban taɓa taka ta ba sai hannuna na cikin naki.

A ƙarshen bara na kawo miki 'ya'yana. Mazan suka haye kamar awaki. Autata Kutemba kuwa ta kai tsakiya, ta leƙa ruwa, ta ƙame. Na kwance zani zan goya ta, kika harare ni.

"Bar mini ƙawata. In kin goya ta yau, gobe wa zai goya ta?"

Kika zauna daram a kan katako, kika ciro gasasshen rogo kuna ci. Masu keke suka taru, wani ya ce, "Kaka, kasuwa kika buɗe?" Kika ce, "In sauri kake, ga kogi nan." Da ta ƙi gaba, ba ki yi mata gori ba. Kuka juyo tare, kika ce sai ruwa ya janye.

Ba ki jira janyewarsa ba. A tsallake aka binne ki, ni kuwa a kwalekwale na je, ina kallon gadar daga ƙasa. Tsoro nake ji, Goggo, har gobe. Ga Kutemba kullum tana bina, wai in kai ta wurinki, kuma da ƙafarta za ta. Na ce mata Asabar, ban san da wace zuciya ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa kin huta. Ya ba ɗan'uwanki Baffa Sakayombo da ilahirin dangi haƙurin rashinki. Ni kuma, jama'a, ku taya ni da addu'a, kada yarinyar nan ta gane tsoro nake ji in mun hau gadar.