Zinariyar da Alfari Ya Gani a Allo

Alfari ɗan Tunuga ne, babansa manomin shinkafa a bakin kogi. Shi kaɗai a gidansu ya yi nisa a lakwal, har ya kai jami'a a Yamai, ya karanci ilimin duwatsu. Aikin da malaminsa ya ɗora masa shi ne ya kwaikwayi, cikin ordinatar, wato kwamfuta, yadda ruwan zafi ke bin tsagar dutse can ƙarƙashin ƙasa ɗauke da narkakkiyar zinariya, da inda yake zubar da ita in ya huce. Sai ya shigar da zafi da nauyin ƙasa da faɗin tsaga, ya bar na'urar ta yi kwanaki tana lissafi. A allo, launin ja yakan hau ya koma shuɗi, ɗigon rawaya su taru a gefe.

Da ya zo hutu, ƙanensa Kabiru ya tsaya a kansa yana kallo.

"Yaya, rawayan nan zinariya ce?"

"Ita ce."

"To a ina take? Faɗa mini in je."

"Ba wuri nake nunawa ba. Abu ne da ya faru tun ba a yi mutane ba."

Kabiru ya yi dariya, ya ce wannan karatu ba ya cika tukunya. Bayan girbi ya bi samarin garin zuwa arewa haƙar zinariya. Kafin azumi rami ya rufta da shi. Abokin tafiyarsa Mumuni ne ya kawo wayarsa da takalmansa. Gawar can aka rufe ta.

Alfari ya zo zaman makoki, bai koma ba. Bai yi kuka ba. In an yi masa gaisuwa ya amsa, in an ajiye abinci ya ci. Ya samu koyarwa a wata makaranta a Gaya, kullum ya hau babur ya je ya dawo.

Wata rana da la'asar malaminsa ya kira, muryarsa cike da murna. Ya ce lissafin ya yi daidai da duwatsun da aka auna, ya zo ya kammala.

"To, Malam," in ji Alfari.

Mahaifiyarsa Hawwa tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Komawa za ka yi?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta ce gonar bakin kogi tana jiran dashe, ba mai taya babansa. Washegari Lahadi ce. Ya naɗe wando ya shiga laka.