Da Me Ka Ji?

Ƙamshin madara a kan wuta ba ya yi wa kowa sallama. Makonni uku da suka wuce ya fita daga ɗakin gwajinmu da hantsi, ya bi baranda, ya shiga hancin shugabar makaranta ba tare da ya ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kafin azahar takardar tuhuma ta iso teburina. Wai in yi bayani: me ya kawo ƙore biyar, da risho, da ludayi cikin ajin 'yan shekarar farko? Wai makarantar jinya ce ko rugar Fulani? In ban daina ba, za a karɓe ajin a ba wani.

Ni malamin jinya ne a wata 'yar makaranta mai zaman kanta a nan Jalingo, kuma ajin nan shi ne abin da ke tashina da safe. Tumbina ya riga ya yi gaba, gashin kaina ya yi baya, ban da sauran abin taƙama sai waɗannan yara. Amma kafin ka yanke mini hukunci, mai karatu, zauna ka ji inda madarar ta samo asali.

A gidanmu na Sintali na tashi, lokacin da unguwar ke da sauran fili, saniya na iya kwana a bayan ɗakin mutum ba a kira ta baƙuwa ba. A makarantar firamare kuwa ni ne sarkin amsawa. Malaminmu dogo ne, bulalarsa ta fi shi tsawo. Idan ya gama rubutu a allo sai ya juyo ya daka tsawa: "Kun ji?" Mu kuma mu ce, "Mun ji!" Tawa muryar har garin Mutum Biyu ana jin ta, wallahi tsuntsaye tashi suke daga kan mangwaro. Sai ranar jarrabawa a ga babu komai a kaina sai iska. Sifirin da na tara a aji uku, da ƙwai ne, da gidanmu ya buɗe shago.

Babanmu ya gaji. Ya ce idan an dawo daga hutun damina ba zan koma ba, zai kai ni rumfar ƙanensa a Kasuwar Jalingo in riƙa ɗaure buhu. Na shiga bayan rumbu na yi kuka, don duk da bulalar ina son makaranta. Ina son farar riga, ina son a ce da ni ɗan boko.

Goggo ce ta tsoma baki, yayar babanmu, wadda ke ɗakin da ke kusa da garke. Kindirmo take yi, kuma mutanen unguwa ba su san wani ba in ba nata ba. Hausarta irin ta garinmu ce, kowa a bakinta namiji ne: madara namiji, saniya namiji, har Innarmu namiji. Ta ce wa Baba, "Ba ni shi damina ɗin nan. Kai ka ce kansa babu kome. Ni ban duba ba tukun."

Damina kuwa lokacin madara ne. Ciyawa ta yi kore har ta kusa yin magana, dutsen da ke bayan gari ya sa hular gajimare, shanu na dawowa da hantsa kamar za ta fashe. Da safe ƙasa na ƙamshi, hayaƙin ɗanyen itace na shiga ido, ƙuda na zuwa gaisuwa da dangi duka.

Kwana uku Goggo ba ta ce in taɓa komai ba. Zama kawai nake a kan turmi ina kallo. Ta tace madara, ta dafa, ta sauke, ta juye a ƙwarya, ta bar ta ta huce. Can sai ta wanke hannu, ta tsoma ƙaramin yatsa, ta yi shiru kamar mai sauraren wata magana daga nesa. Wani lokaci ta girgiza kai ta koma shara. Wani lokaci ta ɗebo ɗan kindirmon jiya, wanda take kira iri, ta zuba, ta rufe da faifai, ta kai lungu.

Rana ta huɗu ta yi mini bayani da baki. Idan madara ta yi zafi da yawa, iri zai mutu. Idan ta yi sanyi, iri zai yi barci. Ana son zafin da yatsa zai zauna a ciki bai gudu ba, bai kuma manta yana ciki ba. Sai ta dube ni, ta tambaya da Fillanci, ta maimaita da Hausa.

"A nani? Ka ji?"

"Na ji, Goggo!" Kajin gidan suka watse.

"To, yi."

Na tsoma yatsa, na ji kamar kunama, amma tunda na riga na ce na ji, ina zan sa kunya? Na zuba iri na rufe. Tana tsaye tana kallona. Washegari muka buɗe faifai. Abin da ke cikin ƙwaryar nan, ruwa gefe, gudaji gefe, ko karen maƙwabta da ya shinshina sai da ya dube ni da tausayi.

Na sunkuyar da kai ina jiran duka. Dukan bai zo ba. Goggo ta jawo kujera ta zauna, ta sa ni na zauna a gabanta.

"Jiya ka ce ka ji. Da me ka ji?"

"Da kunne."

"Kunne ne ya shiga madara?"

"A'a."

"To, wanda ya shiga, me ya ce maka?"

Na ce ya ce da zafi. Ta ce, "Shi ya faɗa maka gaskiya, kai ka ƙi shi, ka bi baki. Kunnenka ya ji. Hannunka ma ya ji. Kai ne ba ka ji ba."

Ka san kalmar nan ta ji babbar jaka ce. Da ita muke jin magana, da ita muke jin zafi, da wari, da ɗanɗano, da tausayi. A makaranta aljihu ɗaya kawai aka nuna mini. Goggo ce ta zazzage jakar a gabana.

Daga ranar ta jera ƙore biyar, kowace da nata zafin. Da farko tana riƙe wuyan hannuna, mu tsoma tare. Sai in faɗi tawa, ita ta faɗi tata. In na dace, ladana ƙanzon tukunya, wanda har yau ban ci abin da ya kai shi daɗi ba, ko a walimar manya. In na kuskure, ba zagi, sai dai ta ce, "Sake tambayarsa." Bayan mako guda ta saki hannuna ta tsaya a baya. Bayan wani makon ta koma ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale. Wata safiya na ɗaga kai ban gan ta ba, ta tafi kasuwa ta bar ni da madarar gida duka. Ranar na ji kaina ya kai tsawon malaminmu har da bulalarsa.

Abin bai tsaya a ƙwarya ba. Hannuna ya zama ɗan jarida. Goshin ƙannena, kunnen akuya, cikin ɗan maraƙi, bangon ɗaki bayan ruwan sama, babu wanda ya tsira. Na san zafin kowa a gidan idan yana lafiya, har Baba sai da ya ce in na sake taɓa masa ƙeya zai ɗaure ni tare da shanu.

Wajen ƙarshen damina ƙanwata, autar Inna, ta kamu da zazzaɓi da amai da gudawa. Kwana biyu jikinta wuta. Rana ta uku da hantsi matan gida suka taru, kowace ta taɓa hannunta ta ce alhamdulillahi, jiki ya yi sanyi, zazzaɓi ya sauka, ga shi har ta daina kuka. Inna ta tashi za ta ɗora girki.

Ni ma na taɓa, don al'ada ta riga ta kama ni. Tafin hannunta sanyi, tafin ƙafa sanyi, da wata laima kamar bayan randa. Na sa hannu a cikinta, na ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Madara ba ta taɓa hucewa haka ba. Abin da ya huce don sauƙi, tare yake hucewa.

Na ce, "Wannan ba sanyin sauƙi ba ne."

Wata maƙwabciya ta yi dariya. "Ji likitan sifiri! Tashi ka ba manya wuri."

Ban tashi ba. Ni da ko kaza ta harare ni sai in ba ta hanya, ranar na kafe. Na ruga na jawo Goggo da zane. Ta durƙusa ta taɓa inda na taɓa, ta ɗan ja fatar cikin yarinyar, fatar ta tsaya ba ta koma da wuri ba. Ta miƙe ta ce wa Baba, "Ɗauko keke. Yaron nan ya ji."

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa nan take. Sistar da ta karɓe mu ta yi ta faɗa, ta ce da an jira la'asar da labari ya sha bamban. Ta tambaya wa ya lura. Baba ya nuna ni da haɓa, yana kallon wani wuri. Da aka koma makaranta, shi da kansa ya kai farar rigata wurin tela aka ƙara mata tsawo. Maganar ɗaure buhu ba ta sake tashi ba. Autar nan yanzu 'ya'yanta biyar, kuma har gobe ba ta yarda ni na cece ta ba, wai dama za ta warke.

Shekaru da yawa bayan haka, da na gama aikin nas aka tura ni kwas na koyar da jinya, aka ɗora mana littattafai masu nauyin buhun masara a kan yadda ɗan Adam ke koyo. Ina buɗewa na fara dariya ni kaɗai a laburare har aka yi mini gargaɗi. Wasu masanan sun ce hali na kafuwa ne da lada da horo da maimaici. Wannan malaminmu na firamare ne, sai dai shi rabin shafin ya karanta, bai kai inda suka ce lada ya fi sanda aiki ba. Goggo ta kai, da ƙanzonta. Wasu sun ce mutum na koyo ne ta kallon wanda ya iya, ga ni nan a kan turmi. Wasu sun ce a tallafi mai koyo, sannan a riƙa janye hannu kaɗan-kaɗan har ya tsaya da kansa, ga Goggo ta tafi kasuwa. Amma wanda ya fi kama ni shi ne na masu cewa sai mutum ya aikata, ya ga abin da ya fito, ya zauna ya yi tunani a kai, sannan ya sake. Ruɓaɓɓiyar ƙwaryata ce suka rubuta wa babi guda da Turanci mai ƙashi.

Me ya sa na kawo madara aji? Bara wata ɗalibarmu, wadda ta fi kowa hadda, ta je aikin koyo a ɗakin yara. Ta ɗora wa yaro ma'aunin zafi mai batir, batirin ya kusa mutuwa, ta kwafe lambar da ya nuna ta rubuta da kyakkyawan rubutu ta wuce. Yaron na ci da wuta. Uwarsa ce ta yi ihu. Da na tambayi ɗalibar ko ta taɓa shi, sai ta ce, "Malam, ai ba a ce mu taɓa ba." Ba laifinta ba ne. Mu muka tambaye ta ko ta ji, ta ce ta ji, muka ba ta maki.

Kada ka ɗauka ina gaba da ma'auni. A ajina kowa zai wanke hannu, ya tsoma yatsa, ya faɗi abin da ya ji, sannan ya auna da ma'auni ya ga tazarar da ke tsakani, ya sake. Daga nan mu koma goshin juna da wuyan hannu. 'Yar Mumuye ta ce haka kakarta ke gwada kunun jariri, ɗan Jukun ya ce haka ake gwada ruwan wankan tsoho. Kowa ya zo da saninsa daga gida, ni ɗora masa kawai nake. Ina son ranar da hannu da ma'auni suka saɓa, ɗalibina ya tsaya ya tambaya, kada ya kwafa ya wuce.

Jiya kwamitin makaranta ya zauna a kan tuhumar. Na kai musu amsa shafi shida, na cika ta da kalmomin littattafan nan har ni kaina na tsorata. Suka yi ta gyaɗa kai. Aka bar mini ajin, amma da sharaɗi: babu wuta, babu madara, babu ƙwarya a cikin kowane ɗaki na makaranta. Shugaba, mace mai kirki ce, tsoron masu zuwa duba makarantu ne ya dame ta. Ta sauke tabarau ta ce, "Malam, ka ji abin da kwamiti ya ce?"

Na ce, "Na ji, ranki ya daɗe." Da ladabi, da murya mai kyau, irin ta aji uku.

Goggo ta daɗe da rasuwa. Inda garkenta yake yanzu shagon cajin waya ne, kindirmon Sintali ma yawanci na madarar gari ne, a roba, babu wanda ya tsoma masa yatsa. Yara na rubuta jarrabawa a kwamfuta, suna danna amsa ɗaya cikin huɗu, kuma ban ce a fasa ba. Amma har yau ba a kawo mini majinyacin da ya zo da amsoshi huɗu rubuce a goshinsa ba.

Na sake karanta sharaɗin nan da asuba, kalma-kalma. Ɗaki suka ce. Gindin mangwaron bayan ɗakin gwaji ba shi da ƙofa, ba shi da rufi. Kurfotina na gawayi na cikin but ɗin mota, mai kawo mini madara ta yi alkawarin ƙarfe bakwai. In ƙamshin ya sake zuwa ofis, shugaba ta fito ta ce ashe ban ji ba, zan ba ta sabulu da ruwa, in matso mata da ƙwarya ta uku, in tambaye ta abin da aka tambaye ni.