Rinin Da Ya Hana Ni Shiga Hoto

Shekarun baya, lokacin da sai an sa fim a kyamara ake ɗaukar hoto, ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfani a Manchester. Aikinmu haɗa rinin da ake shafa wa fim don ya kama haske. Mahaifiyata kan ce wa mutane 'yarta a marina take aiki a Ingila, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.

Ƙawata ta tun jami'a a Zariya irin aikin take yi, amma a wani kamfani a Birmingham. Sai kamfanonin namu suka shiga kotu a kan rini guda, kowanne na cewa shi ya ƙirƙiro shi, shi ke da haƙƙinsa. Namu har zargi yake wani ne a cikinmu ya fitar da sirrin haɗin. Lauya ya tara mu ya ce duk wanda aka gani da ma'aikacin can, a bakin aikinsa. Takardar zamana a ƙasar kuwa da aikin nan take ɗaure.

Ana cikin haka ƙawata ta haihu, ta kira ni ta ce sunana za a sa wa yarinyar. Ina aka taɓa yi wa mutum takwara ya ƙi zuwa suna? Na hau jirgin ƙasa.

A gidansu na unguwar Handsworth na soya waina, na raba abinci, na wanke tukwane. Amma da na hango mai hoto sai in faɗa kicin, don na san ofis ƙawata za ta kai hotunan a gani. Da aka zo hoton dangi, wata dattijuwa 'yar Kumasi ta jawo hannuna ta ce in zo in riƙe takwarata.

"Anti, ƙyale ta," in ji ƙawata. "Akwai case a wurin aiki."

Na tsaya bayan ƙofa aka ɗauka.

Daga baya kamfanonin suka sasanta. Ba a jima ba kowa ya koma ɗaukar hoto da waya, aka rufe sashenmu da nasu. Aikin da na kare ya tafi da kansa, kuma har yau abin yana min ciwo.

Bara takwarata ta zo min hutu daga jami'a da albam ɗin hotunan sunanta, ta ce da Hausarta ta 'yan Birmingham:

"Mama, ashe ba ki zo sunana ba?"

Na ce na zo. Ta koma shafin farko tana dubawa a hankali.