Inda Ruwan Rufin Ƙanwata Ke Zuba

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ana sallame salla, a wata ƙaramar bas da makarantar su jikata ta ɗauko haya. Ni kaɗai ne mai furfura a ciki. Sauran duk ɗalibai ne 'yan babbar sakandare, maza da mata, masu koyon zanen gine-gine, sai malaminsu, wani matashi mai fara'a. Ya shirya musu fitar ne don su ga yadda ake gina ɗaki ya yi sanyi ba tare da wutar lantarki ba, su auna da hannunsu, su zana. Da ya ji kakan ɗaya daga cikinsu tsohon magini ne, sai ya zo har gida ya roƙi in raka su, tunda na san gidaje da masu gidaje daga Babura har Gwiwa.

Na amsa da wuri, domin ni ma ina da tawa buƙatar, kuma ban ɓoye masa ba. Shekarun baya, lokacin da kowa ke son kwano, na yi wa ƙanwata rufin ɗaki a Gwiwa. Duk magini ya san ƙa'idar tun yana yaron ɗaukar kwaɓi: ruwan kowa ya zuba a gidansa ko a hanya. Ni kuwa na karkata kwanon baya don kada tsakar gidanta ta riƙa caɓewa, ruwan ya koma sauka a filin maƙwabcinta. Lokacin turken awaki ne kawai a wurin, mai filin kuma ya tafi cin rani. Ya dawo ya gani, ya yi kawaici. Daga baya ya gina ɗakin ƙasa a nan ya sa iyalinsa. Damina bayan damina ruwan yana cin gindin bangonsa. Na taɓa lanƙwasa kwano na ɗaura a bakin rufin da ƙiyasin ido, ruwa ya kwanta a tsakiya ya tumbatsa, iska ta ƙarasa shi. Bara wani ɓangaren bangon ya zube, Allah ya taƙaita babu kowa a ciki. Mai unguwa ya yanke magana: kafin ruwan farko na bana, ko a hana ruwan nan zuba can, ko a kwaye rufin. Ƙanwata mijinta ya rasu, ɗakin nan shi ne makwancinta, kuma daga ni har ita babu mai halin sabon rufi. Malamin ya ce ya fi son irin wannan a kan jarrabawar takarda, za mu ƙare rangadin a can.

Hanyar Babura da safe tana da daɗi. Bazara ta yi nisa, manoma na ta sharar gona, amalanken shanu na kai taki. A Achilafiya muka tsaya shan koko. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin haƙori ya san an yi baƙo, kuɗinsa kuwa bai rame ba. Jikata ta ce in daina ƙorafi, ai ba ni da haƙoran ma. Na ce da ita amarya mai rowa ba ta daɗewa a gidana. Ta ce wa zai zauna da angon da ke barci a mota baki buɗe. Direba ya yi dariya har ya kusa mance canjinsa.

Mun shiga Babura kasuwa na fara ci. Buhunan gero da riɗi jere, tumaki na kuka, 'yan acaɓa na ratsa mutane kamar ba su da birki, mutanen Nijar na ciniki suna juya farashi zuwa sefa a ka. Na kai su gidan wani tsohon abokina mai fataucin hatsi, wanda har yanzu bai rushe soron kakansa ba. Malam ya fara tsayar da su a shagon bulo da ke maƙale da gidan, mai rufin kwano babu silin, har gumi ya karyo wa kowa. Sannan ya ce su shiga soron. Da hayaniya suka shiga, sanyin ya sa suka yi shiru.

Nan aka baje kayan aiki. Wasu suka auna kaurin bango, ya kusa tsawon hannuna. Wasu suka auna 'yan tagogin da ke can sama. Malam ya bayyana musu cewa ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi, kafin ya ratsa ta rana ta faɗi, kuma iska mai zafi sama take yi, shi ya sa magabata suka bar mata ƙofar fita a can. Ya nuna musu bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin, ya fita waje ya kafa turke a yashi, ya ɗaura igiya, ya ja rabin da'ira, ya ce su nemo tsayinsa da faɗinsa ta lissafi kafin su auna. 'Yan mata biyu suka dace. Ni na yi shekaru ina ɗora azara a irin wannan baka, ban taɓa sanin ana iya faɗar tsayinsa kafin a gina ba.

Da muka fito, wata yarinya ta lura duk indararon gidan lungu suke kallo, babu ko ɗaya da ya juya gidan kowa. Ta tambayi mai gida dalili.

"Ruwan rufinka kayanka ne, 'yata," in ji shi. "Ba a aika wa maƙwabci da shi."

Jikata ta waiwayo ta dube ni. Na ce rana na yi, mu kama hanya.

Muka dawo ta Kazaure muka miƙa yamma. Ƙasa ta sauya, yashin Babura ya ba duwatsu wuri. A Roni muka yi azahar, muka ci ɗanwake da mai da yaji, muka kora da fura da nono wajen wasu Fulani da ke zaune a gindin darbejiya. Malam bai bar bishiyar ta huta ba. Ya kafa sanda a rana, ya ce a auna inuwarta da inuwar bishiyar, a fitar da tsayin darbejiyar ba tare da an hau ba. Lissafin wani yaro ya nuna ta fi dutsen da ke bayan gari tsawo. Mai furar ta ce in haka ne a yi mata hankali da ita, kada ta faɗo wa Kazaure. Bayan dariya ya nuna musu amfanin abin: in ka san tsayin bishiya, ka san inda inuwarta za ta kai da yamma, sai ka san inda za ka shuka ta ta kare bangon da rana ke duka.

Hanyar Gwiwa ta ɗan girgiza mu. Mun isa gab da la'asar, gabas ta yi duhu kaɗan sannan ta washe, irin gargaɗin da take yi kafin damina. Ƙanwata ta tarbe mu da ruwan randa da dambu. Na ga ta rame. Ta ce da ni ba ta iya barci in ta ji iska ta taso.

Aunawar sai an shiga gidan maƙwabcin, kuma gida ne na matan aure, namiji ba ya shiga. Aka aika neman izini, ya ce mata su shigo. Jikata da ƙawayenta suka shiga da tef, maza suka hau tsani ta ɓangarenmu, suna miƙa wa juna magana ta saman katanga. Malam ya fito da siririn tiyo mai nuna ciki, aka cika shi da ruwa, aka riƙe baki ɗaya a wannan kusurwar rufin, ɗaya a waccan. Ruwa ba ya ƙarya. Bakin rufin da nake rantsuwa a miƙe yake ashe ya sunkuya a tsakiya, kuma kusurwar cikin gida ta fi ta bakin hanya ƙasa. Abin da ya ci kwanon da na ɗaura ke nan.

Suka zauna a tabarma da allunan zanensu. Shawararsu ita ce a tsaga bututun roba mai faɗi gida biyu, ya zama kamar kwamin shayar da dabbobi, a rataye shi a bakin rufin, kowane maratayi da nasa tsawon, yadda zai gangara daidai ba tare da ya bi sunkuyawar kwanon ba. Ruwan ya bi ta kusurwar da ta fi ƙasa ya shiga tanki a cikin gida. Maƙwabci ya huta, ƙanwata ta samu ruwa. Zanen ya yi kyau, har da inuwa. Jikata ta kai wa ƙanwata tana murmushi.

Ƙanwata ta juya takardar, ta nemi a nuna mata ƙofar ɗakinta. Aka nuna. Ta bi da yatsa har zuwa da'irar da aka ce ita ce tanki.

"Nan ai jikin masai ne," in ji ta.

Yaran suka shiga bayani, cewa tankin a rufe yake, babu abin da zai shiga. Ta ce ko da ƙarfe aka yi shi, ba za ta yi alwala ko ta dafa tuwo da ruwan da ya kwana jingine da masai ba, gara a kwaye rufin. Malam ya ɗaga musu hannu. Ya ce mai ɗaki ta fi su gaskiya, zanen da mai gida ba zai zauna da shi ba takarda ce kawai, su sake.

Suka sake. Dole gangarar ta juya zuwa kusurwar bakin hanya, wadda ta fi tsawo, don haka maratayan can za su ƙara tsayi sosai. Lissafi ya nuna zai yiwu. Sai dai tankin zai zauna ne a ɗan filin da ke tsakanin ƙofofin gidajen biyu, kuma rabin filin na maƙwabcin ne. Nan ilimin yara ya tsaya, saura nawa.

Na same shi a zaurensa yana tufka igiya. Mun tsufa tare, amma rabon da in zauna a tabarmarsa har na manta. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Na faɗa masa abin da ya kawo ni, na kuma ce rufin nan da sanina na karkata shi, ba kuskure ba ne. Bai ɗago ba. Jikata ta durƙusa daga bakin ƙofa ta miƙa zanen, ta yi masa bayani a nutse. Ya tambaye ta in tankin ya cika ina sauran ruwan zai bi. Su kuwa ba su yi tunanin wannan ba. Sai ta ce za su sa wani bututu daga wuyan tankin ya bi ƙasa zuwa hanya, a shuka bishiya a bakinsa. Ya gyaɗa kai, ya ce ta ƙara shi a takardar yanzu yana gani. Ta ƙara.

Na ce masa, "Tun ranar da ka dawo ka ga rufin nan, me ya hana ka magana?"

"Ina jiran wanda ya yi aikin ya fara," in ji shi.

Ya ajiye igiyar ya faɗi sharuɗɗansa biyu. Famfon tankin ya kalli hanya, gida biyu su riƙa ɗiba. Bangon da ya zube kuma a tayar da shi kafin ruwa.

"Ba yaran nan ba, ba lebura ba. Kai da hannunka."

Na ce na ji, na karɓa.

Ɗaliban suka koma Kazaure da yammar nan, ni na zauna. Washegari bututu ya iso a saman motar kasuwa. Tanki kuwa, 'ya'yan ƙanwata da ke aiki a birni suka haɗa suka aiko da matsakaici, wanda ya fi sabon rufi sauƙi nesa ba kusa ba. Wani kafinta ya ɗaura maratayan yana bin tsawon da yaran suka rubuta ɗaya bayan ɗaya, yana mita cewa bai taɓa karɓar umarni daga 'yan makaranta ba. Da ya gama muka hau da bokitai muka kwarara a kan kwanon. Ƙanwata na tsaye bakin tanki, matar maƙwabcin na kallon gindin bangonta daga ciki. Ruwan ya taho har ƙarshe, muka ji saukarsa a cikin tankin. Daga cikin gidan aka ce ko ɗigo bai sauka ba. Mai unguwa ya zo ya duba, ya ce rufi ya zauna.

Bangon ne ya ba ni wuya. Na kwaɓa ƙasa da ciyawa, na mulmula tubali, na jera, na yaɓe. Gwiwoyina sun gaya mini shekaruna. An janye iyalin gidan zuwa ɗaya ɓangaren don in shiga, shi kuma mai gidan ya kawo kujera ya zauna yana kallo. Bai taimaka ba, bai kuma tashi ba sai da na shafe yaɓen ƙarshe. Ya taɓa bangon da tafin hannunsa, ya ce Allah ya sa albarka.

Na dawo Kazaure a motar haya, a matse tsakanin buhun gyaɗa da wani mai kaji, bayana na ciwo, raina kuwa fes. Tafiyar nan ta nuna mini cewa abin da yaran nan ke koya da rula da igiya ba wasa ba ne, kuma gidajen kakanninmu suna da darasin da ya cancanci a auna a rubuta. Ta nuna wa yaran cewa kafin ka ja layi sai ka tambayi mai ɗaki inda take alwala. Iyaye, in 'ya'yanku na wannan aji, maza ko mata, ku saya musu kayan zanen, kada ku ce ɓata kuɗi ne.

Ku kuma magina 'yan baya, roƙona ɗaya ne. Ranar da za ku ɗora kwano, ku zagaya bayan ɗakin ku tsaya inda ruwan zai sauka, ku tambayi filin wane ne. In ba na mai aikin ba ne, ku sauko da katakon ku juya shi, ko da mai filin ba ya gari. Ni ban yi ba, kuma da ɗakin nan ya zube da mutane a ciki, babu yaɓen da zai gyara.