Muryar Inna a Cikin Memori

Akwai abin da ya faru da ni a nan Diffa wanda har in koma ga Allah ba zai fita a raina ba, kuma a kan wani tsohon kaset ne.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ita ke ba sauran mata waƙa lokacin tsinkar tattasai a ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu. Wani ɗan kasuwa ya taɓa ɗaukar muryarta a kaset, ya bar mana. Da ta rasu, kaset ɗin nan kaɗai ya rage mini. Ina ajiye shi a ƙasan akwati, ba na ba kowa aro. Da biro nake mayar da shi baya don kada batir ya ƙare. In rediyo ya tauna zaren, sai in haɗa shi da jan farce. A hankali muryar ta fara ja kamar ta mai ciwo, na tabbata wata rana zan kunna in ji shiru.

Sai na kai shi wurin maƙwabcinmu, wani Badamagare da ya daɗe yana sayar da kaset a kasuwa. Na tarar kantocinsa wayam, sai kwamfuta ɗaya a kan tebur, mutane na miƙo salula.

"Malam, ina kayan naka?"

"Ga su nan duka," ya ce, yana dafa kwamfutar. "Yanzu wa ke sayen kaset? A wasu ƙasashen ma ba rumfa, ba mai rumfa. Ta intanet ake sayen waƙa, ta sauko maka cikin aljihu."

Ya juya kaset ɗina, ya ga jan farcen, ya yi dariya. "Ke Babarbariya, gawa kika kawo mini in tayar?"

"Uwata ce a ciki, Malam. Ka bi ta a hankali."

Nan take ya daina dariya. Ya haɗa wayoyi, kaset ya yi ta juyawa, ni kuwa ina ta salati kada zaren ya tsinke. Da ya ƙare sai ya ɗora mini memori a tafin hannu, ɗan abu bai kai farcena ba. Ya tambaye ni ko ya bar waƙoƙin a kwamfutarsa. Na ce to, ba don na gane ba.

Bayan damina na je Maine-Soroa biki. Ina tsaye a tasha sai na ji muryar Inna tana tashi daga aljihun wani direba, yana bin amshi da Barbarci. Na matsa kusa da shi.

"Ɗana, ina ka samo wannan?"

"Tura mini aka yi, Hajiya. Wata tsohuwa ce ta bakin kogi. Duk direbobi muna da ita, ita ke hana mu gyangyaɗi."

"Ni ce 'yarta."

Ya ciro salular ya riƙa mini da hannu biyu har waƙar ta ƙare, ina hawaye. Inna da ba ta taɓa wuce Diffa ba, ga ta tana bin hanyar Damagaram kullum!

Tun ranar na gane cewa ɓoyon da na yi wa muryarta a akwati shi ya kusa kashe ta. Da ta shiga hannun mutane ne ta rayu. Yanzu duk wanda ya roƙa, cewa nake: "Kawo salularka."